Muhammadu Gado, ɗan Bakatsiniyar da ya ƙi roƙon kyaftin a tsakiyar teku

Mai karatu, in ka na cikin waɗanda su ka cika gidajen kallo lokacin da kaset ɗin Titanic ya shigo ƙasar nan, to na san har gobe ba ka manta yadda jirgin nan ya karye gida biyu ba. Mu nan Dayi, da yawan mu babban ruwan da mu ka taɓa gani da ido bai wuce dam ɗin Mairuwa na Funtuwa ba, amma sai da aka yi kwanaki ana ta maganar jirgin a majalisa. To a shekarar da aka yi Titanic, wato 1997, darakta Steven Spielberg ya fitar da wani fim ɗin na teku mai suna Amistad, labarin bayin da su ka ƙwace jirgin da ya ɗauko su. Bai yi tashe kamar Titanic ba, alhali ya fi shi kusa da mu.

Labarin da zan ba ka yau ya ma fi Amistad kusa da gida. Labarin wani mutum ne da uwar sa Bakatsiniya ce, wanda aka jefa cikin jirgin bayi a 1845, ya fita da ran sa, ya yi aikin jirgi a matsayin bawa, ya yi wa kyaftin ɗin sa taurin kai a tsakiyar teku, daga bisani ya gudu a birnin New York. Turawa sun rubuta sunan sa Mahommah Gardo Baquaqua. Mu dai mu ce masa Muhammadu Gado.

Amma bari in fara nuna maka irin jiragen da ake magana a kai, don ba irin Titanic ba ne. Waɗannan na katako ne, ba su da inji. Dogayen itatuwa ake kafawa a tsakiyar su, a ɗaura manya-manyan ƙyallaye masu kauri, iska ta bugi ƙyallen ta tura jirgin. In iska ta kaɗa a yi tafiya, in ta ɗauke jirgi ya tsaya cik, wani lokaci kwana da kwanaki, ruwan sha kuwa ya na ta raguwa a cikin gangunan katako. Tsallaka Tekun Atilantika daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Burazil ya kan ci wata guda ko fiye. A tsawon wannan lokaci kyaftin shi ne sarki, shi ne alƙali, shi ne kuma mai dogarai. Ma'aikacin da ya ɗaga masa hannu ya yi tawaye, hukuncin tawaye kuwa ya kan kai ga rataya.

In ka na so ka san abin da teku ke mayar da mutane, dubi abin da ya faru a watan Yuli na 1816. Wani jirgin yaƙin Faransa mai suna Méduse, ɗauke da mutum wajen 400, ya na kan hanyar zuwa Senigal sai ya kafe a kan yashi daura da gaɓar Muritaniya. Ƙananan kwalekwalen ceto ba su isa kowa ba. Sai manya su ka shige kwalekwale, aka harhaɗa katakai aka ɗora mutum kusan 147 a kai, da alkawarin za a ja su da igiya. Ba a yi nisa ba aka saki igiyar. Kwana 13 su ka yi ruwa ya na yawo da su, su ka yi ta kashe juna, yunwa ta kai wasu ga cin naman gawa. Da aka tsince su, mutum 15 kacal ne da rai. To, wannan fa abin da aka yi wa 'yantattu ke nan, masu albashi da lambar soja. Sai ka kwatanta wanda aka loda a ƙasan jirgi a matsayin kaya.

DAGA ZUGU ZUWA BAKIN TEKU

An haifi Muhammadu Gado a shekarun 1820 a garin Zugu, wanda a taswira ake rubutawa Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau. Kada ka yi mamakin abin da ya kai Bakatsiniya can. Zugu babban zango ne a kan hanyar fataken Gwanja. Ayari ya kan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya yada zango a Zugu, sannan ya nufi Salaga ya sayo goro. Duk inda fatake su ka saba sauka kuwa, ka san za a yi aure, a haihu, a kafa unguwa. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya yi littafi sukutum a kan cinikin goron Hausawa, shi ne tare da Robin Law su ka bi diddigin rayuwar Gado su ka sake buga labarin sa a 2001, kuma sun nuna cewa garin da ya kira Kashna, garin uwar sa, Katsina ce.

Gidan su gidan Musulmi ne masu abin hannu. Kawun sa maƙeri ne na sarki, ya na da harka har Salaga, kuma a wurin sa Gado ya koyi ƙira. Sunan Gado kuwa, a can shi ake sa wa yaron da ya biyo tagwaye, kamar dai Gambo a wajen mu. An sa shi makarantar allo, amma shi da bakin sa ya ce bai cika zama ba. Ya taɓa faɗawa hannun mayaƙa a ƙasar Gwanja, yayan sa ya fanshe shi. Daga baya ya zama yaron wani sarki a kusa da Zugu, ya samu shiga, ya kuma samu mahassada.

Su ne su ka kai shi ƙasa. Su ka gayyace shi wani ƙauye, su ka yi ta yi masa kirari su na ɗura masa giya har ya bugu. Da ya farka, sai ya tarar an sayar da shi. Ka lura da wannan, mai karatu: Bature bai je Zugu ya kamo shi ba. Waɗanda ya sani, ya ci ya sha da su, su ne su ka karɓi kuɗin sa. Daga nan aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, aka gangara da shi kudu ta ƙasar Dahomi har yankin Wida a bakin teku. A can aka ɗora masa ƙarfe mai zafi aka yi masa lamba kamar yadda ake yi wa dabba.

Gado bai taɓa ganin jirgin ruwa ba. Da ya hango shi tsaye can cikin teku, sai ya ɗauka wani abin bautar Turawa ne, kuma yanka su za a yi masa. A wannan gaɓa babu tashar da babban jirgi zai matso, sai dai a yi ta jigilar mutane da kwalekwale ta cikin igiyar ruwa mai ƙarfi. Ran da aka loda su, teku ya na fushi. Na farko sun isa lafiya. Kwalekwalen ƙarshe kuwa igiyar ruwa ta kife shi, mutum fiye da 30 su ka nutse nan take. Mutum ɗaya ne tak ya tsira, wani ƙaƙƙarfa da ke tsaye a goshin kwalekwalen, wanda ya yi ta fama har ya birkito shi ya haye. Iya ruwa fidda kai, in ji Hausawa. Sai dai shi wannan bawan Allah da ya fidda kan sa, cikin jirgin bayi aka zarce da shi.

ME YA HANA SU TASHI?

Abin da Gado ya bayar na zaman cikin jirgi ba ya jin daɗin faɗi. An tura su ƙasan jirgi tsirara, maza gefe guda, mata gefe guda. Rufin ya yi ƙasa ƙwarai, ba dama mutum ya miƙe tsaye, sai tsugune ko zaune, dare da rana. Abinci dafaffiyar masara ce kawai. Ruwan sha na yini bai fi rabin lita ba. Duk tsawon tafiyar sau biyu aka fito da su sama su ka yi wanka. Wanda ya yi gardama, a tsaga masa fata da wuƙa a shafa barkono ko ruwan tsami a ciwon. Wanda ya mutu a jefa a teku.

Na san tambayar da ke bakin ka, domin ita ce kowa ke yi in an kalli irin wannan fim: su da su ka fi yawa, me ya hana su tashi? Ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. To sun tashi. Masana sun ƙiyasta cewa mutum miliyan 12 da rabi aka loda daga Afirka zuwa nahiyar Amurka a tsawon wannan ciniki, wajen miliyan 10.7 su ka sauka da rai, kuma a kusan kowace tafiya 10 an samu tawaye a guda. A jirgin su Gado ma, ƙishirwa ta sa wani ya kai hannu zai fizge wuƙar Baturen da ke kawo masu ruwa. Aka haura da shi sama, ba su sake ganin sa ba.

Matsalar ita ce, ƙwace jirgi daban, sanin inda za a kai shi daban. Dubi Amistad ɗin da na ambata. A ƙarshen watan Yuni na 1839 jirgin ya bar Havana ta ƙasar Kyuba da 'yan Afirka 53, yawancin su Mende ne daga Saliyo. Cikin 'yan kwanaki, a ƙarƙashin jagorancin Sengbe Pieh, su ka ɓalle sarƙa su ka kashe kyaftin da kuku. Jirgi ya dawo hannun su, amma babu wanda ya iya tuƙi. Dole su ka bar Sifaniyawa biyu da rai, Ruiz da Montes, su ka ce su nufi gabas inda rana ke fitowa. Da rana sai a yi gabas, da dare kuma Sifaniyawan su karkata jirgi arewa. Haka aka yi ta walagigi kusan wata biyu, har sojan ruwan Amurka su ka kama su kusa da New York a watan Agusta. Allah ya taimake su, shari'a ta kai Kotun Ƙoli, tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams ya tsaya masu, aka sallame su a watan Maris na 1841. Mutum 35 ne su ka koma Saliyo a farkon 1842. Wani abin sha'awa, Djimon Hounsou da ya fito a matsayin Sengbe a fim ɗin, haifaffen Jamhuriyar Benin ne, ƙasar su Gado.

Sai ka gwada da jirgin Creole, a watan Nuwamba na 1841. Shi kuma bayi 135 ya ɗauko daga jihar Virginia zai kai New Orleans. Wani mai suna Madison Washington da mutum 18 su ka ƙwace shi. Su sun san abin da su ke yi: su ka tilasta a kai su Nassau, a tsibiran Bahamas, domin sun san ƙasar a hannun Ingila ta ke, Ingila kuwa ta soke bauta a yankunan ta tun 1834. Mutum 128 su ka samu 'yanci. Hausawa ma sun taɓa yin irin wannan lissafi. A 1807, a birnin Salvador na jihar Bahia a Burazil, hukuma ta bankaɗo wani shirin tawaye na bayi Hausawa, kuma rahoton ta ya ce cikin shirin har da ƙwace jiragen da ke tasha a koma gida. Wani ya tona asirin tun kafin ranar.

Ka ga ke nan, a teku ƙarfin zuciya kaɗai ba ya fidda mutum. Abin da ka yi a tsakiyar ruwa, gaɓar da jirgin ya tsaya ita ce za ta raɗa masa suna. A wata tashar a ce tawaye ne a rataye ka, a wata a ce haƙƙin ka ne a sallame ka. Wannan shi ne karatun da Gado ya ɗauka, amma sai da ya sha wuya kafin ya gane.

FITILAR DA TA MUTU

A Pernambuco, arewa maso gabashin Burazil, aka sauke su a 1845. A takarda Burazil ta hana shigo da bayi tun 1831, amma dokar ba ta hana komai ba sai da aka yi wata a 1850. Wani mai gidan burodi ya saye shi, ya sa shi ɗaukar duwatsun gini, daga baya tallan burodi. In bai sayar ba bulala. Ya gwada biyayya bai ga amfani ba, ya gwada gudu aka kamo shi, ya faɗa shan giya, har ta kai shi ga faɗawa kogi don ya huta da duniya, wasu masu kwalekwale su ka tsamo shi. Maigidan ya gaji ya sayar da shi, aka kai shi Rio de Janeiro, inda wani kyaftin mai suna Clemente José da Costa ya saye shi ya sa shi aiki a jirgin sa, Lembrança. Aka sauya masa suna zuwa José da Costa.

Yanzu Gado ya koma teku, amma wannan karon a saman jirgi. Ya fara da goge wuƙaƙe da cokula har ya zama mataimakin mai kula da abincin kyaftin. Sun je Rio Grande a kudu ɗauko busasshen nama, jirgin ya kafe a bakin tasha saboda ruwa ya janye, da ƙyar aka fitar da shi. A wannan zirga-zirga ya koyi harshen Fotugal sosai, ya kuma buɗe kunne ya na jin hirar ma'aikata.

A watan Afrilu na 1847 aka yi wa Lembrança lodin kofi zuwa New York. Gado ya riga ya ji cewa a can babu bauta. A cikin jirgin akwai wani Baturen Ingila, shi ya koya wa Gado da 'yan'uwan sa bayi biyu kalmar Ingilishi ta farko da su ka sani, wato "firi", ma'ana ɗa, wanda ba bawan kowa ba. Gado ya ce tun daga nan sai ya ji kamar ba shi ba.

Ana cikin tafiya guguwa ta taso. Cikin dare fitilar da ke haska kamfas ta mutu, kamfas kuwa shi ne idon matuƙi. Aka ce Gado ya kunna, iska ta hana. Kyaftin ya fito a fusace ya rufe shi da duka da sanda, ya na neman kan sa, Gado ya na karewa da hannu. Da hadari ya lafa, kyaftin ya sa aka ɗaure shi rub da ciki a jikin igwa, mutum uku su ka yi ta zabga masa bulala. Abin da kyaftin ke so ya ji shi ne roƙo. Gado ya ce sai dai a kashe shi, amma ba zai roƙa ba. Kuma bai roƙa ba.

Ka dubi wannan wuri da kyau. Bai ɗauki wuƙa ba, bai nemi ƙwace jirgi ba, domin ya san ko ya ƙwace ba inda zai kai shi. Kyaftin da kan sa ya na tuƙa shi zuwa gaɓar da ya ke so. Abin da ya rage masa shi ne ya isa da rai, kuma kada ya bari a karya masa zuciya kafin a isa.

SHARI'AR NEW YORK

Jirgin ya iso New York a watan Yuni na 1847. Jihar ta soke bauta tun 1827, kuma akwai ƙungiyar masu yaƙi da bauta, baƙaƙe da farare, da ke sa ido a tashar jiragen ruwa. Gado ya samu sarari ya diro daga jirgi ya ruga cikin gari, ba shi da abin faɗi sai kalmar nan guda ɗaya da ya iya. Aka kama shi. Masu yaƙi da bauta su ka kai magana kotu.

A nan ne lissafin sa ya kusa rushewa. Alƙali Charles Daly ya yanke cewa Gado da abokin sa José da Rocha ma'aikatan jirgi ne, kuma akwai yarjejeniya tsakanin Amurka da Burazil ta mayar da ma'aikacin jirgin da ya gudu. Aka kai gaban wani alƙalin, shi ma ya tabbatar da hukuncin. Wato dai a ƙasar da babu bawa, an samo wani sunan da za a mayar da shi ga ubangidan sa. Ta ukun su, mace ce mai suna Maria, ita ta koma jirgi.

Ana tsare da su a kurkukun titin Eldridge. A daren 9 ga Agusta, 1847, su ka ɓace daga ciki. Da gari ya waye ɗaki wayam. Masu taimakon su su ka bi da su a ɓoye har Boston, daga can aka sa su a jirgi zuwa Haiti, ƙasar baƙar fata da bayi su ka ƙwata da yaƙi daga hannun Faransa su ka kafa a 1804.

Rayuwa a Haiti ba ta zo masa da sauƙi ba. Ba ya jin harshen su, ya yi yawo da yunwa da rashin lafiya, har wani ɗan mishan Ba'amurke, William Judd, ya ɗauke shi. A hannun sa ya shiga addinin Kirista a 1848. Wannan ba zai yi wa da yawan mu daɗin ji ba, amma haka tarihin ya ke. Sai dai ka lura, sunan José da aka laƙaba masa ya yar da shi, ya koma amsa Muhammadu, kuma da shi ya ci gaba da sa hannu a wasiƙun sa. A ƙarshen 1849 ya koma Amurka ya shiga wata kwaleji a garin McGrawville na jihar New York, ya yi shekara uku ya na karatu. Daga nan ya ƙetara Kanada. A 1854 aka buga tarihin rayuwar sa a birnin Detroit da taimakon wani mai suna Samuel Moore. Cikin miliyoyin 'yan Afirka da aka kai Burazil, nasa ne kaɗai sanannen littafin da wanda ya yi bautar a can ya ba da labarin kan sa.

Duk wannan fafutuka, buri ɗaya ne a ran sa: ya koma gida ya ga uwar sa. Ya rubuta wa ƙungiyar mishan da ke kula da tashar Mende a Saliyo ya na neman su tura shi, tashar da aka kafa ta dalilin mutanen Amistad da su ka koma. Bai samu ba. A farkon 1855 ya shiga jirgi zuwa Liverpool ta Ingila, ya na fatan daga can zai samu hanyar Afirka. Labarin sa na ƙarshe da ke rubuce na 1857 ne, ya na Ingila, har lokacin ya na neman mai kai shi. Daga nan takardu su ka yi shiru.

To marubutan mu da furodusoshin mu, ga labari nan a ajiye. Akwai uwa Bakatsiniya a zangon fatake, akwai abokan da su ka ci amana, akwai kwalekwalen da ya kife, akwai daren guguwa da fitilar da ta ƙi kamawa, akwai kotu, akwai fasa kurkuku. Na san za a ce ina mu ka ga kuɗin jirgin ruwa. Marubucin littafi dai ba ya buƙatar jirgi, biro da takarda sun ishe shi, kuma rabin labarin ma a kan tudu ya faru, a hanyar da kakannin mu su ka bi da jakuna su na sayo goro. Kai kuma mai karatu, in ka sake zama kallon Amistad, ka ga an buɗe ƙofar ƙasan jirgi hasken rana ya faɗa kan fuskokin mutanen nan, ka tuna cewa shekara 6 bayan nasu, a wani jirgin irin sa, akwai ɗan wata Bakatsiniya a tsugune.